Wadda ta taɓa kwanciya a asibitin ƙwaƙwalwa, za ta iya zama mai duba masu irin ciwon?

Yaya Babba: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, a yi min uzuri in na tsawaita. Ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Tana da shekara 19 ta yi wani ciwo da ya kai mu ga kwantar da ita a asibitin ƙwaƙwalwa har wata biyu. Shekara takwas ke nan. Tana shan maganinta, tana zuwa ganin likita, ta gama digiri a nazarin halayyar ɗan Adam, ta yi bautar ƙasa. Yanzu ta ce digiri na biyu za ta yi, ta zama mai zama da masu damuwa tana ba su shawara. Jiya da daddare gidanmu ya rabu biyu. Baffanmu ya ce wa zai kai mata ɗansa in aka ji tarihinta? Hajiya kuma tsoronta kada jin matsalolin mutane ya tayar mata da nata. Ni na rasa inda zan tsaya.

Tsohon Hedimasta: Wa alaikumus salam. 'Yata, Baffanku bai yi ƙarya ba, ko da maganar ta yi ɗaci. Hausawa sun ce wanda zai ba ka riga, dubi ta wuyansa. Ga aikin koyarwa, ga ofis, me ya sa sai wannan?

Maman Walid: Baba, ai wanda ya taɓa ciwon haƙori shi ya fi tausayin mai ciwon haƙori.

Tsohon Hedimasta: Tausayi daban, iyawa daban.

Anti Nas: Kafin a yanke hukunci bari in ba ku labarin wata mata. Ita nake kawo wa ɗalibai misali duk sanda suka zo mana koyon aiki.

Sunanta Marsha Linehan, 'yar Amurka, an haife ta a 1943 a garin Tulsa na jihar Oklahoma, ita ce ta uku a cikin 'ya'ya shida. Gidan masu hali ne, mahaifinta harkar man fetur yake yi. A watan Maris na 1961, tana da shekara 17, aka kai ta wani asibitin ƙwaƙwalwa da ake kira Institute of Living a birnin Hartford. Sai da ta yi wata 26 a ciki. Likitoci suka ce sikizofireniya ce, wato ciwon da ke sa mutum ji ko ganin abin da babu, suka ɗura mata magunguna masu nauyi, aka yi mata jinyar lantarki a kai sau 14, aka sake yi sau 16. Da ta ƙi daina ji wa kanta ciwo sai aka rufe ta ita kaɗai a wani ɗaki, gado ɗaya, kujera ɗaya, 'yar taga mai ƙarfuna. Takardar sallamarta ta watan Mayun 1963 cewa ta yi tana cikin majinyatan da suka fi kowa rikicewa a asibitin. Likitocin ba su ma sa ran za ta rayu a waje ba.

Ta ce a wannan asibitin ta yi alkawari: in ta fita daga wannan wutar, za ta dawo ta fitar da wasu.

Maman Walid: Allah sarki. Shekara 17, sa'ar Walid ɗina ke nan.

Anti Nas: Kuma ba fita ta yi ta warke ba. Ta koma Shikago, ta samu aikin akawu a kamfanin inshora, da dare tana zuwa aji a jami'ar Loyola, ciwon na nan yana taso mata. A 1967 ta ce tana addu'a a wata 'yar majami'a ta ji wani abu ya sauya, ta koma ɗakinta ta ce tana son kanta, karon farko da ta taɓa faɗa. A 1971 ta kammala digirin digirgir. Ta yi aiki a wata cibiyar hana kashe kai a Buffalo, ta ƙaro horo a Stony Brook, a 1977 ta koma Jami'ar Washington da ke Seattle, inda ta zauna har ta yi ritaya a 2019. A can ta ce a turo mata majinyatan da kowa ya gaji da su, waɗanda suka sha yunƙurin halaka kansu. Daga zama da su ta fitar da hanyar jinya ta magana da koyar da dabaru da ake kira DBT, wadda yau ake koyar da ita a ƙasashe da dama.

Tsohon Hedimasta: To, mutum ɗaya ke nan a cikin nawa? Sauran da suka kwanta tare da ita ina labarinsu? Ba a gina hukunci a kan zakaran gwajin dafi.

Dokta Saiko: Baba ya yi tambaya mai kyau, kuma zan tsaya tsakaninsa da Anti Nas. Wannan fannina ne, don haka a bar ni in ɗan yi bayani.

Ba tabon hannunta ne ya sa duniya ta karɓi aikin Linehan ba, domin lokacin da aka karɓa ba a san labarin ba. Gwaji ta yi. A 1991 ita da abokan aikinta suka fitar da sakamakon bincike a kan mata 44 masu ciwon da ake kira bodalain, wato wanda zuciyarsa ke tashi da sauka da ƙarfi, yana tsoron a guje shi, yana yawan ji wa kansa ciwo. Aka raba su biyu, rabi aka yi musu hanyarta shekara guda, rabi suka ci gaba da jinyar da aka saba. Waɗanda suka bi hanyarta sun rage ji wa kansu ciwo, sun fi jure zuwa jinya ba su gudu ba, kwanakinsu a gadon asibiti sun ragu sosai. Amma a ma'aunin baƙin ciki da yanke ƙauna ɓangarorin biyu ba su bambanta ba a wancan gwajin. Na faɗi wannan ne don kada a ɗauka tsafi ne.

Inda tarihinta ya yi aiki shi ne wajen gano abin da sauran suka kasa gani. Da farko hanyar sauya ɗabi'a ta ɗauko, wadda aka koya mata: ga matsalarki, ga yadda za ki gyara. Sai majinyatan su fusata, su ce wato laifina ne ke nan? Wasu su tashi su fita. Ta juya ta koma saurare da lallashi kawai. Sai su ce, to, kin ji, ba za ki taimake ni ba? Haka za ki bar ni? Da wani likitan ne, da ya ce waɗannan mutane taurin kai ne da su. Ita kuwa ta taɓa zama a kan waccan kujerar, ta san dukansu gaskiya suke faɗa. Shi ne ta haɗa biyun a zama ɗaya: na yarda kina iya ƙoƙarinki, kuma dole ki ƙara. Duk ginin DBT a kan wannan yake.

Ɗan Birni: Dokta, a aikace me ake yi? Hira kawai?

Dokta Saiko: Abu huɗu ne. Zama da mai jinya sau ɗaya a mako. Aji na rukuni, shi ma mako-mako, inda ake koyon dabaru kamar makaranta, har da aikin gida: tattara hankali wuri ɗaya, jure tashin hankali ba tare da an ƙara ɓata lamari ba, sarrafa motsin zuciya, da iya mu'amala, wato yadda za ka nemi haƙƙinka ko ka ce a'a ba tare da ka rusa zumunci ba. Na uku, kana iya kiran mai jinyarka a waya lokacin da abin ya taso, ya tuna maka dabarar da za ka yi. Akwai kati da majinyaci ke cikewa kullum, yau fushi ya kai nawa, tunanin cutar da kai ya kai nawa. In wani abu ya faru ranar Laraba, a zama na gaba sai a bi shi ɗaya bayan ɗaya kamar carbi: me ya faru da safe, wa ya ce me, me kika ji a jikinki, a ina da an iya tsayawa.

Na huɗun shi nake so Yaya Babba ta kai wa Hajiya. Su kansu masu jinyar dole su riƙa zama tare duk mako suna duba juna, wa ya gaji, wa majinyaci ya fara shiga ransa. Linehan ta sa wannan a cikin sharuɗɗa ne saboda ta san aikin yana cin mai yin sa. Tsoron Hajiya gaskiya ne, amma bai tsaya kan mai tarihin ciwo kaɗai ba. Na ga lafiyayyun abokan aiki da suka durƙushe.

Ustaz: Assalamu alaikum. Ina da tambaya. Na taɓa jin cewa wannan "tattara hankali" daga addinin Budda aka ɗauko shi. Haka ne?

Dokta Saiko: Haka ne Malam, ba ɓoyayyen abu ba ne. Ita 'yar Katolika ce, kuma ta je ta koyi Zen, wani reshen addinin Budda, a wani gidan ibada a Kalifoniya, sannan a Jamus wajen wani limamin Kirista mai suna Willigis Jäger. Amma da ta zo sa shi cikin jinya ta cire ibadar, ta bar motsa hankalin: ka lura da abin da kake ji, ka kira shi da sunansa, kada ka yi saurin yanke wa kanka hukunci. Ba a kiran sunan kowa, ba a rusuna wa komai.

Ustaz: To, in haka ne da sauƙi, ko da yake zan so in ga abin da idona kafin in ce wa wani ya je. Amma abin da kuka siffanta na yarda da abin da ya riga ya faru tare da tashi a yi aiki, ai mu muna da shi. Ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Kuma an ruwaito cewa wanda ya yi fushi in yana tsaye ya zauna, in bai tafi ba ya kwanta, a wata ruwayar ya yi alwala.

Dokta Saiko: Malam, za ka yi dariya. Cikin dabarunta akwai tsoma fuska a ruwan sanyi tare da riƙe numfashi na ɗan lokaci, domin hakan na rage bugun zuciya nan take. Sai dai mai ciwon zuciya kada ya gwada sai ya tambayi likitansa.

Maman Walid: Mu da ke Sakkwato ina za mu samu ruwan sanyi a watan Afrilu, ga ba wuta 😂

Ɗan Birni: Randa, Hajiya. Kakanninmu ba su jira NEPA ba.

Admin: An turo min wannan ta bayan fage, ta ce a sakaya sunanta:

"Ni na zauna da masu ba da shawara biyu bayan rasuwar ɗana, kuma dukansu sun taɓa shiga irin halin da na shiga. Ta farko tun a zaman farko ta gaya min ita ma ta rasa ɗa. Na ji daɗi. Amma a zama na biyu da na uku labarinta muka yi ta yi, yadda mijinta ya yi, yadda dangin miji suka yi. Rannan na ga ni ce nake miƙa mata hankici. Na biya kuɗin mota na je na yi wa wata jaje na dawo. Ban koma ba.

Ta biyu ba ta ce min komai game da kanta ba. Ɗakin ƙarami ne, fanka na ƙara, kujerun roba biyu. Na yi magana na yi kuka, tana zaune hannunta a kan gwiwa. Ina jira ta ce ki yi haƙuri, domin wata bakwai ba abin da nake ji sai shi, ki yi haƙuri, ki yi haƙuri, har kalmar ta koma min kamar ana cewa ki yi mana shiru. Ba ta faɗa ba. Cewa ta yi, wace riga ce a jikinsa ranar? Wallahi ba wanda ya taɓa tambaya ta. Sai a mako na uku ta fara cewa gobe da safe me za ki yi in kin idar da sallah, ban yarda ki koma kan gado ba. Bayan kusan shekara wata ma'aikaciya ta gaya min ita ma ta binne 'ya'ya biyu. Ban yi mamaki ba. Wanda bai sani ba ba zai tambayi riga ba.

Ki gaya wa ƙanwarki ta yi karatun. Amma ta tabbata ta gama kuka nata a wani wurin."

Anti Nas: Allah Ya jiƙan yaro, Ya sa mai ceto ne. Kin faɗi abin da littafi ba zai iya faɗa ba.

Ustaz: Amin. Kuma a nan mu masu wa'azi sai mu duba kanmu. Haƙuri umarni ne, amma Annabi Yaƙub ya yi kuka har idanunsa suka yi fari, kuma shi ne ya ce haƙuri mai kyau. Mu mun mayar da shi murfin tukunya.

Dokta Saiko: Abin da Linehan ta kira muhallin da ba ya gaskata mutum ke nan. A fahimtarta ciwon yana fitowa ne daga haɗuwar abu biyu: yaro da aka haifa da zuciya mai saurin jin abu, da gidan da kullum ake ce masa ba komai ba ne, kai ka cika raki. Ba lallai gidan mugaye ba ne. Ta kwatanta irin waɗannan mutane da wanda ya ƙone fatarsa ta saluɓe, ɗan taɓi kaɗan sai ihu. Ita kanta daga baya ta ce tana ganin bodalain ne ciwonta, ba wanda aka rubuta mata a 1961 ba.

Wani abu kuma, kada labarin lantarkin nan ya tsorata wani. Har yau ana yin sa, amma da allurar barci da sa ido, kuma yana ceton masu matsanancin baƙin ciki. Na 1961 daban.

Tsohon Hedimasta: Na karanta duka. Na sassauta a kan iyawa. Ban sassauta a kan faɗa ba. Ita wannan baiwar Allah yaushe ta bayyana tarihinta?

Anti Nas: Yunin 2011, Baba. Tana da shekara 68. Ta koma wannan asibitin na Hartford, ta tsaya gaban likitoci da danginta ta faɗa, jaridar New York Times ta buga. Abin da ya tunzura ta, wata majinyaciya ce ta ga tabon hannunta ta ce, ke ma ɗaya daga cikinmu ce? Ta so ta kauce kamar yadda ta saba, ta ce kina nufin ko na taɓa shan wahala? Matar ta ce a'a, ina nufin irinmu, domin in haka ne da kin ba mu fata. Daga baya Linehan ta ce ba za ta mutu matsoraciya ba.

Tsohon Hedimasta: Yawwa. Ku lissafa da ni, tsohon malamin lissafi ne. Daga 1961 zuwa 2011 shekara 50. Daga gwajin 1991 shekara 20. Farfesa ce, ta yi suna, ba mai korar ta, ba mai fasa aurenta. A Amurka ke nan, kuma sai da ta jira rabin ƙarni. Yarinyar da muke magana a kai shekararta 27, a garin da ake cewa mahaukaci ba ya warkewa sai dai rangwame, inda in za a yi aure sai an aiko tsofaffi su binciki asali har kaka ta uku. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Maman Walid: Amma Baba in kowa ya ɓoye yaushe za a daina ƙyamar? Wani ne zai fara.

Tsohon Hedimasta: Sai ki ba da taki 'yar a fara da ita.

Maman Walid: Kai Baba!

Admin: A yi a hankali don Allah.

Tsohon Hedimasta: Na janye, 'yata, ki yafe ni. Amma kin gane nufina. Jarumtaka da ɗan wani tana da araha.

Ɗan Birni: Akwai doka fa yanzu. A Janairun 2023 Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, kuma ta hana nuna wa mutum bambanci a wurin aiki saboda wannan ciwon.

Anti Nas: Doka na takarda, Ɗan Birni. Ba ta hana uwar miji magana. Ni shekarata 16 a wannan aikin, har yau in na faɗi sashen da nake a gidan biki sai wata ta ce Allah dai Ya sa ba a ɗauka. Ni da ban taɓa kwanciya ba ke nan.

Amma ban yarda da Baba ɗari bisa ɗari ba. Ɓoyewa iri biyu ce. Akwai wanda bai kamata a ɓoye masa ba: likitanta, malamin da zai riƙa duba aikinta lokacin horo, da wanda zai aure ta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sauran jama'a kuwa, har da majinyatan da za ta gani, ba bashi suke bin ta ba. In wata rana ta ga faɗar za ta amfani wani, ita za ta zaɓi ranar.

Dokta Saiko: Na sa hannu a wannan. Zan ƙara tambayoyi uku da zan yi mata da ɗalibata ce. Ta san alamun da ke nuna ciwon na dawowa, kamar rashin barci? Akwai wanda ta ba izinin ya ce mata tsaya ki huta, kuma ta ji? In majinyaci ya kawo labari irin nata sak, za ta iya barin sa ya bi tasa hanyar ko za ta dage sai ya bi tata? Ta ukun ta fi wuya. Wanda ya warke ta wata hanya yakan ɗauka ita kaɗai ce hanya. Ita kanta Linehan ba ta ce kowa ya je majami'a ya jira abin da ya same ta a 1967 ba, ta zauna ne ta fasa shi zuwa dabarun da za a iya koya wa wanda bai taɓa jin komai ba.

Kuma gaskiya muna buƙatar hannu. Wanda ya taɓa zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Barnawa ko Kware ranar asibiti ya ga layi. Likita na da mintoci kaɗan ya sabunta magani, mai zama ya saurara awa guda shi ne babu.

Ustaz: In ta gama a gaya mana. Akwai waɗanda ake kawo min ruƙiyya, ina karantawa ina sanin ba aljani ba ne, kuma ban san inda zan tura su ba.

Yaya Babba: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na miƙa mata wayar bayan la'asar ta karanta tun daga sama. Da ta zo kan maganar riga ta ajiye wayar ta shiga ɗaki, ta daɗe. Da ta fito ta ce tambayar Dokta ta farko da ta biyu tana da amsarsu, ta ce ni ce wadda za ta ce mata tsaya, ban ma san an naɗa ni ba. Ta ukun ta ce ba ta sani ba tukuna.

Na karanta wa Hajiya wajen zaman da masu jinya ke yi suna duba juna. Ta yi shiru, sannan ta ce ita dai a tambayi likitan yarinyar, in ya ce to, ita ma to. Ranar ganin likitan sati biyu ne nan gaba, tare za mu je. Baffa bai sauya ba, ya ce ba da kuɗinsa ba. Dokta, ta ce in tambaye ka, lokacin horo ɗalibi ne ke zaɓar malamin da zai duba aikinsa ko makaranta ce ke ba shi?

Dokta Saiko: Yawanci sashe ne ke rabawa, amma ana iya roƙo. Ta turo min saƙo ta hannun Admin, sai bayan isha nake duba waya.